Wane gam ne ya dace da gilashin gaban mota? Ruwa na shigo min

Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar gilas ku taimaka.

Corolla ce 2008, dutse ya fasa min gilashin gaba na kai aka sa sabo, to tunda damina ta kankama ruwa ke ɗigowa ta kusurwar sama ɓangaren fasinja har rufin ciki ya yi tabo, kuma da na wuce gudun 80 a titi sai iska ta riƙa fito ta wajen. Na koma gun mai gyaran ya bi gefen da silikon, irin na tagar gida mai warin tsami ɗin nan, rana ta buge shi ya ɓanɓare. Da muka ɗaga robar sai ga tsatsa ta fara cin ƙarfen.

Yanzu kowa da tasa. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano wani ya nuna min baƙin gam na polyurethane, Sikaflex, ya ce shi ake sa wa gilashin mota amma ba ya kamawa a kan silikon, dole a cire gilashin a kankare a shafa firama (ruwan da ake fara shafawa don gam ya kama) tukuna. Wani kuma ya ce butyl, wani gam na roba mai danƙo, ya fi araha, ni dai bai kwanta min ba, don gilashin nan shi ke tokare jakar iskar fasinja in an yi haɗari.

Tambayata: da tsatsar nan, polyurethane da firama sun isa su riƙe, ko sai mai fenti ya fara gyara ƙarfen?