Haɗa mastar tafiyar da kasuwanci da ta kula da ma'aikata: ta ina ake farawa?

Ɗan Garwa

Salamu alaikum malamaina da yayyena. Mai lisans, wato digirin farko, a fannin tattalin arziki da gudanarwa, yana so ya haɗa mastar tafiyar da kasuwanci, wato MBA, da ta kula da ma'aikata a tafiya guda, shekara nawa zai kwashe? Takardar shaida ɗaya ake bayarwa ko biyu? Kuma kamfanonin da ke nan arewacin Kamaru suna kallonta da daraja?

Malamin Gaundare

Wa alaikumus salam ƙanena. A tsarin LMD (lisans, masta, dakta) da jami'o'inmu ke bi, masta zango huɗu ce, kowane zango kiredi (ma'aunin nauyin darussa) 30, jimla 120 cikin shekara biyu. Masta biyu a rarrabe shekara huɗu ke nan. Abin da ke rage tsawon haɗaɗɗen shiri shi ne darussan da fannonin biyu suka yi tarayya a kai: lissafin kamfani, ƙididdiga, tsara dabarun kamfani, halayyar mutane a wurin aiki. Sau ɗaya ake karanta su, a lissafa wa ɓangare biyu.

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi jadawalin darussa a rubuce, ka ƙirga kiredin da suka shafi ma'aikata zalla. Idan darasi biyu ko uku ne aka liƙa a zango na ƙarshe, to MBA ce da ɗan ƙari, takarda ɗaya za a ba ka. Ka tambaya ƙarara: sunan wace jami'a ke kan takardar, kuma ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da shirin? Nan ake yawan ƙonewa, musamman a makarantun kuɗi masu cewa suna ƙawance da jami'ar waje.

Jami'ar Gaundare da ta Marwa duk suna da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa, ga ESSEC, makarantar koyon kasuwanci, a Duwala, ga jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Ka je ofishin ɗalibai da ƙafarka ka ga abin da aka buɗe bana. Kuɗin rajista na sefa 50,000 a shekara na karatun gama-gari ne. Masta ta ƙwarewar aiki kuɗinta daban, kuma ya fi haka nesa.

Hajiya Mai Albashi, Marwa

Malam ya gama da batun takarda. Ɗana, ga abin da za a gwada ka da shi ranar ɗaukar aiki: takardar albashi. Da yawa suna fitowa da masta, bakinsu cike da dabarun shugabanci, amma a ba su albashin mutum ɗaya su lissafa sai hannu ya tsaya.

Ɗauki ma'aikaci mai sefa 300,000 a wata. Kason fansho na CNPS, asusun kula da walwalar ma'aikata na ƙasa, kashi 4.2 cikin ɗari ne daga albashinsa, wato 12,600, kamfani ma ya zuba 12,600. Kamfani kaɗai ke biyan kashi 7 na tallafin iyali, 21,000, da na haɗarin aiki wanda ke tsakanin kashi 1.75, 2.5 ko 5 gwargwadon haɗarin sana'ar. A mafi ƙanƙanta 5,250 ne. Kafin a taɓa haraji, mutumin nan ya tsaya wa kamfani a kan 338,850. In su 50 ne, ƙarin kaɗai ya kai 1,942,500 duk wata. Mai MBA zalla yakan manta da wannan a kasafi, mai ilimin ma'aikata zalla kuma yakan san adadin amma ya kasa nuna wa shugaba yadda zai ci ribar shekara. Amfanin haɗa fannonin ke nan a ganina, kuma shi ya sa nake goyon bayansa.

Sai dokar aiki ta 14 ga Agusta 1992. Ka san ta kamar tafin hannunka: awa 40 a mako in ba aikin gona ba ne, hutun kwana ɗaya da rabi kan kowane watan aiki, wakilan ma'aikata da zarar an kai mutum 20. Kwangilar wa'adi ba ta wuce shekara biyu, sau ɗaya ake sabunta ta. In aka bar mutum yana aiki bayan ta ƙare, ta koma ta dindindin, kuma sallamarsa ta zama shari'a gaban sufeton aiki. Shirin da ba ya koyar da wannan, da Excel da manhajar albashi irin Sage, bai cika ba.

Baban Njamena

Ƙarin bayani ga mai tunanin tsallakowa Cadi. Lissafin kamfani ɗaya ne, domin Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, tsarin lissafinta SYSCOHADA da aka sabunta ya fara aiki a 2018. Dokar aiki kuwa kowa da tasa; ta Cadi ta 1996 ce, kason CNPS ma ba ɗaya ba ne. Rabin karatunka zai bi ka, rabi sai ka sake zama.

Ɗan Garwa

Allah ya saka da alheri. To memuwar fa, wato kundin binciken kammala karatu, biyu ake rubutawa?

Malamin Gaundare

Ya danganta da shirin, shi ma ka sa a rubuta maka. In ɗaya ce, ka zaɓi batun da zai gamsar da alƙalan ɓangare biyu, misali kuɗin da ɗaukar ma'aikatan kaka ke ci a masana'antar gurzar auduga, irin aikin SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru. Ka fara neman wurin sitaj, wato koyon aiki a kamfani, tun zango na biyu, kuma ka samu izinin amfani da alƙaluman kamfanin a rubuce kafin a amince da batun. Bayanan albashi sirri ne. In aka hana ka su a tsakiyar aiki, sai sauya batu, kare memuwar kuma ya koma shekara mai zuwa da sabon kuɗin rajista.