Faɗaɗa negatif daga fim na 35mm: abin da masana suka fi jaddadawa

Bugun sayanotayip da na filatinam, wato tsoffin hanyoyin fitar da hoto a kan takarda, suna buƙatar negatif (fim ɗin da haske da duhun hoto suke a juye) mai girman hoton da ake so, domin manne shi ake yi da takarda. Shi ya sa mai ƙaramin fim dole ya faɗaɗa.

Hanyar da aka fi yarda da ita mataki biyu ce. A sa negatif a na'urar faɗaɗawa, a haska shi kan fim ɗin orto, wanda jan fitila ba ta ɓata shi, a samu fozitif, wato hoton fim mai haske da duhu yadda suke a zahiri. Daga nan a manne fozitif ɗin da wani sabon fim a ƙarƙashin gilashi, a fito da babban negatif.

A fozitif ɗin nan aka fi yin kuskure. Kada ya yi kyau a ido! Ana son shi ɗan duhu, baƙi da fari ba su yi nisa da juna ba, kuma babu inda ya zama fili ƙal. Abin da ya ɓace a nan ba ya dawowa. Fim ɗin lit, wato wani nau'in fim ɗin orto, yana da tsananin kaifi tsakanin baƙi da fari, don haka a tsarma Dektol, sinadarin wanke hoto, da ruwa sosai, kamar kashi 1 cikin 10, a gwada da ƴan gutsattsari tukuna.

A shimfiɗa baƙar takarda ƙarƙashin fim don kada haske ya dawo ya dusashe hoton. Ƙananan huji a jikin hoton kuwa suna iya fitowa daga ruwan tsayarwa mai asid, wato ruwan da ke tsayar da aikin sinadarin wanke hoto. Ruwa zalla ya wadatar. Ƙura ma tana girma tare da hoton, a share ta a kowane mataki.