Bokitin takina ya koma ruwa mai wari, in zubar ne?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara. A saman bene nake zaune, ba ni da fili sai 'yar baranda inda na jera tukwanen shuka. Kullum ina kwashe ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace in kai bola, alhali ina sayen taki, abin yana damuna. Sati uku da suka wuce na samo bokiti mai murfi na fara tarawa. Yau da na buɗe, baƙin ruwa ne ya kwanta a ƙasa, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ga ƙananan ƙudaje. Maigidana ya ce a zubar. Akwai gyara kuwa?

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki zubar. Abu biyu bokitinki ya rasa: iska da busasshen abu. Ƙwayoyin halittar da ke mayar da shara taki suna numfashi, in aka toshe su sai waɗansu da ba sa buƙatar iska su karɓe aikin, su ne masu wannan warin.

Ki huda bokitin, ƙasansa da gefensa da murfin, ki ɗora shi a kan bulo biyu, ki sa faranti a ƙasa ya tare ruwan. Sannan ki yayyaga kwalin da ba shi da leda, ko busasshen ganye, ko garin katakon da ba a yi wa fenti ko magani ba, ki cakuɗa. Daga yanzu duk kwano ɗaya na ɗanyen ɓawo, ki bi shi da kwano biyu ko uku na busasshe. Ɗanyen ne ke kawo sinadarin naitirojin, busasshen ke kawo kabon, ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Ki damƙa a hannu: ya zama kamar soson da aka matse, da danshi amma ba ya zuba. Ki riƙa juyawa da sanda sau biyu a sati.

Hajiya Babba: Ƙanwata, me da me kike sakawa? Nama, kifi, ƙashi, madara da duk abin da mai ya taɓa, ki raba su da bokitin, su ke kiran ɓeraye da kyankyasai. Ƙudajen kuwa, in kin zuba sabo ki binne shi a tsakiya, ki rufe da ƙasa ko kwali. Ki yanka ɓawon ƙanana, ɓawon ƙwai kuma ki daka shi, in ba haka ba bayan wata shida za ki same shi yadda kika saka.

Maman Biyu: Hajiya, gaskiya har da ragowar abinci mai mai nake juyewa. Na daina. Wata ta ce in zuba toka ta kashe warin, haka ne?

Baba Mai Lambu: Tokar itace, ɗan barbaɗe kawai. In ta yi yawa tana korar naitirojin, ki ji zarni na tashi. Kwali ya fi ta.

Abban Yara: Yaya, in ƙara da abin da ya kusa sa ni karaya. Tarin da ke ɗaukar zafi ya nuna da wuri sai ya kai kamar mita ɗaya tsawo, faɗi da tudu. Bokitin lita 20 ba zai yi wannan zafin ba, don haka ki sa ran wata uku zuwa shida. Bokiti biyu nake da su: ɗaya in ya cika in bar shi ya nuna, in koma ɗayan. Ki ajiye a inuwa, inda ruwan sama ba ya shiga. In ya yi baƙi, yana marmashewa, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya yi. Kada ki shuka a cikinsa zalla, ki haɗa kashi ɗaya da kashi uku na ƙasa.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Na huda bokitin yanzu, na tsiyaye ruwan, na yayyaga kwali biyu na cakuɗa. Gobe zan nemo bokiti na biyu.