Kullum mu raba shinkafa, kullum su dawo. Ina mafita?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Muna da ƴar ƙungiya a unguwarmu, duk azumi mukan haɗa kuɗi mu sayi shinkafa da gero da suga mu raba wa zawarawa da gidajen marayu, shekara shida kenan. Abin da ke damuna shi ne fuskokin da muka fara da su har yau su ne, sai ma ƙari. Bara muka ce bari mu canza salo muka sayi keken ɗinki guda biyar, wallahi kafin babbar sallah an sayar da biyu, ɗaya kuma na nan a ƙuryar ɗaki an ɗora mata kwanuka. Shin akwai wanda ya taɓa ganin hanyar da ta yi aiki da gaske?

Maman Hanif:
Wa'alaikumus salam. Malam kada ka ga laifinsu. Matar da yaranta suka kwana ba su ci ba ka ba ta keke ka ce jari ne, ai cikin yara zai cinye shi. Kuma kun tambaye su ko sun iya ɗinkin? Ni maƙwabciyata ƙuli-ƙuli take yi tun tana budurwa, da gyaɗa tiya goma aka ba ta da kuɗin markaɗe da tuni ta miƙe. Ku zauna da kowace ku ji sana'ar hannunta, sannan kada ku yanke abincin rana ɗaya, ku haɗa jarin da hatsin wata biyu ko uku.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan wajenmu akwai abin da ake ce ma Mata Masu Dubara, ƙungiyar CARE ta faro shi a jihar Maraɗi a 1991, yanzu ya bazu ƙasashe da dama. Ba kuɗi ake raba musu ba fa. Mata ne kamar ashirin zuwa talatin suke taruwa duk sati kowace ta zuba ɗan abin da ta samu cikin akwati mai kwaɗo, makullan kuma a hannun mata daban-daban, wadda ke son bashi ta ɗauka ta yi sana'a ta maido, in shekara ta zagayo a fasa a raba. Innata da shi ta fara saye da ajiyar wake.
Na biyu habbanaye, al'adar Fulani ce, a ba ka aron dabba ta haihu ka riƙe ƴaƴan ka maida uwar. Ku gwada da jar akuya, wata biyar take ɗaukar ciki kuma tana yawan yin tagwaye, in ta yaye sai a miƙa uwar gida na gaba. Amma ku yi musu rigakafi tun ranar farko, kuma ku duba ko gidan na da filin ɗaure dabba da inda za a samu harawa ko dusa, in gidan haya ne ɗaki ɗaya a cikin birni to a manta da akuya kawai.

Abu Sumayya:
Ɗan Maraɗi wannan akwatin in ana ɗora wani abu a kan bashin sai a yi hattara da riba, a tambayi malamai, ana iya yin shi bashi zalla. Shi kuma Baban Ummi in kuɗin zakka ne a ciki, to ya zama mallakin wanda aka ba, ba ka da hurumin cewa a dawo da akuya ko a hana sayar da keke. Juya dabba gida-gida sai dai da kuɗin sadaka ko wakafi. Ku ware asusun biyu.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Gaskiya Maman Hanif kin taɓo mu, ba mu tambayi kowa ba, mu maza shida muka zauna a ƙofar masallaci muka yanke. Ɗan Maraɗi don Allah in akuyar ta mutu a hannun matar ya kuke yi, biya take ko yafewa ake?