Wa zai biya ni ɓarnar da ɗalibai suka yi wa shagona?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon sayar da ful (dafaffen wake) da shayi a bakin ƙofar wata jami'a a nan Gadarif, ƙasar Sudan. Makon jiya ɗalibai suka fito zanga-zanga kan kuɗin makaranta. Ana jifa, 'yan sanda na harba barkonon tsohuwa, sai aka fasa min gilashi da firij, tukunyar ful ta kife. Kwana biyar ban buɗe ba.

Na je ofishin jami'ar, suka ce abin a kan titi ya faru, ba a cikin harabarsu ba, don haka babu ruwansu. To amma daga cikin harabar aka taso! Ko a zanga-zangar burodi ta Disambar 2018 ban yi asara irin wannan ba.

Yaran nan kwastomomina ne, wasu ma ina bin su bashi, ba na son a kama kowa. Wani dattijo ya ce in nemi sulhu ta hannun ajawid, wato dattawa masu sasanta rigima, wani kuma ya ce dokar mu'amalat ta 1984 ta ba ni damar neman diyya a kotu. Shin jami'ar zan kai ƙara, ko ƙungiyar ɗaliban? Hotunan da na ɗauka a waya sun isa hujja?