Leburori sun ƙi sa hular kwano a shantiye (wurin gini), ya zan yi da ɗan kwangilarsu?

Assalamu alaikum. Ni ke kula da lafiyar ma'aikata a wani gini mai hawa 2 a unguwar Ali Dan Sofo, nan Maradi. Ma'aikatanmu 9 ne, duk suna da rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Matsalata masu zubin dal (kankaren bene) ne, su 14, waɗanda wani ƙaramin ɗan kwangila ke kawowa yana biyansu kullum da yamma.

Na raba musu hular kwano da safar hannu, kowa ya sa hannu a takarda. Da rana ta take, wajen ƙarfe 11, sai ka ga hulunan jere a kan bulo, sun ce kansu na dahuwa. Ban ƙaryata su ba, zafin Afrilu ya wuce digiri 40. Na matso da aiki zuwa bayan sallar asuba, na sa randar ruwan sanyi a inuwa, na yi musu magana kowace safiya. Kwana 3 aka yi, aka koma gidan jiya. Na ce zan cire kuɗi, ɗan kwangilar ya ce ba ni ke biyansu ba.

Ranar Talata guntun rodi ya faɗo daga sama ya tsaga goshin wani yaro, aka yi masa ɗinki. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Don Allah, waɗanda suka san dokar aiki ta 2012: wane sharaɗi zan sa a yarjejeniyarmu da ɗan kwangilar da zai ba ni ikon tsayar da aikinsa nan take?