Zaman doya da manja, ko harshe da haƙori?

Ɗan Fagge: Jama'a, ku raba mu gardama. Jiya ina ba ƙanina labarin Pink Floyd, ƙungiyar makaɗan rock ta Ingila, da yadda suka haɗa faifansu The Final Cut na 1983. Na ce zaman doya da manja suka yi. Shi kuma ya ce wai "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa" ya fi dacewa. Wa ke da gaskiya?

Malamar Hausa: Ba mu labarin tukuna.

Ɗan Fagge: Ƙungiyar ta kafu a Landan tun 1965. Roger Waters, ɗaya daga cikin mawaƙanta, shi kaɗai ya rubuta waƙoƙin faifan kaf, ga juyayin mahaifinsa da aka kashe a Italiya a 1944, ga haushin yaƙin Falkland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina. David Gilmour mai jita ya ƙi yarda, don wasu waƙoƙin ragowar faifansu The Wall ne na 1979. A ganinsa, abin da aka ƙi jiya me ya gyara shi yau? Rigima ta kai har aka cire sunansa daga masu tsara faifan, kuma waƙa ɗaya kacal ya ja. Richard Wright mai fiyano kuwa, tuni Waters ya sa aka sallame shi.

Malamar Hausa: To ƙaninka ya sha kaye. Maganar harshe da haƙori ta sulhu ce. Dattawa ke faɗa wa miji da mata ko 'yan'uwa don su yi haƙuri, saboda bayan cizon, baki ɗaya za su ci gaba da zama. Waɗannan sun shirya?

Ɗan Fagge: Ina! Waters ya fice a 1985, ya kuma je kotu a 1986 don a rushe ƙungiyar.

Mai Shayi: Ni fa Malama, maganar doyar ce ban taɓa ganewa ba. Dafaffiyar doya da manja da ɗan yaji ai daɗi ne. Ina gabar take?

Malamar Hausa: Duba kwanon da kyau. Manja ya ɓata wa doya farinta, amma gutsura ka gani, ciki fari fat. Ana tare, ba a shiga juna ba.

Baba Na Zinder: Yaro, tambayarka ba ta banza ba ce. Daɗin na mai ci ne, ba na doya ba. Faifan nan bai sayu ba?

Ɗan Fagge: Ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, Baba, ko da yake cinikinsa bai kama ƙafar The Wall ba.

Baba Na Zinder: Ka gani. Sai dai ni ina da ja. Zaman doya da manja na mutum biyu ne da kowa ke da ƙarfinsa. Nan kuwa mutum ɗaya ya rubuta, ya rera, ya yanke hukunci. Wannan kashin dankali ne, babba ya danne ƙanana.

Malamar Hausa: Ban yarda ba, Baba. Wanda aka danne ba ya tafiya da sunan gida. Gilmour da Nick Mason mai ganga su suka riƙe sunan Pink Floyd, har suka fitar da sabon faifai a 1987.

Mai Shayi: To a cikinsu wane ne doyar?